Ledar Da Mu Ka Yar Tana Dawowa Cikin Akushi

Darasi don taron ƙungiyoyin manoma

Ga jagoran taro: Kafin ranar taro ka tanadi tsohon buhun taki wanda ya daɗe a rana, da mudu ɗaya na takin juji, da bokitin ruwa, da farin ƙyalle. A karanta darasin sannu sannu, a tsaya a ƙarshen kowane kashi domin mutane su yi magana. A tabbata mata sun zo, gama rabin aikin nan a hannunsu ya ke.

1. Leda ba ta ruɓewa

'Yan'uwa manoma, dattawan da ke cikinmu sun tuna lokacin da mace za ta tafi kasuwar Dandume da ƙwarya da kwando, mahauci ya ƙunshe nama a takarda, hatsi kuwa a zuba shi a buhun algarara. Duk waɗannan in sun tsufa sai a watsa su juji, gara ta ci, damina ta bi ta kansu, baɗi su koma gona sun zama taki. Yau ko gishirin naira ɗari mutum ya saya sai an ba shi leda. Ruwan leda ya bazu a Nijeriya tun shekarun 1990. Buhun taki, da igiya, da tamfol, da takalmi, da gidan sauro, duk roba ne.

Abu na fari da ya kamata mu riƙe shi ne wannan: leda ba ta ruɓewa yadda kara da ganye su ke ruɓewa. Rana ce ta ke gasa ta har ta yi rauni, iska da kofaton dabbobi da bakin garma su farfasa ta, ta yi ta raguwa har ido ya daina ganinta. Amma tana nan. Masana suna kiran kowane guntu da bai kai milimita 5 ba, watau kusan girman ƙwayar dawa zuwa ƙasa, ɓurɓushin roba. Wani kamar yashi ya ke, wani kamar silin gashi, wani kuwa sai da madubin likita a ke ganinsa. Wani malamin jami'ar Plymouth ta Ingila, Richard Thompson, shi da abokan aikinsa su ka jawo hankalin duniya a kan wannan abu a shekarar 2004, bayan sun same shi cikin yashin bakin teku.

A shekarar 2017 wasu masana a Amurka su ka yi lissafi cewa daga 1950 zuwa 2015 an ƙera roba wajen tan miliyan 8,300 a duniya. Cikin wadda a ka gama amfani da ita, kashi 9 cikin 100 ne kaɗai a ka sāke sarrafawa, a ka ƙone kashi 12, sauran kashi 79 kuwa suna jibge a juji, ko cikin ƙasa, ko cikin ruwa.

Jagora ya miƙa tsohon buhun nan, kowa ya murza shi tsakanin yatsunsa, ya duba garin da ya rage a tafin hannunsa. Abin da mu ke magana a kansa ke nan.

2. Abin da ƙumba ta koya wa duniya

Waɗanda su ka taɓa wasa a bakin rafi ko dam da rani sun san ƙumba, wadda wasu ke kira makankari: wata halitta ce mai ɓawo biyu da su ke buɗewa su rufe, tana kwance cikin laka. Mu nan ba mu cika cin namanta ba. Amma tana da 'yar'uwa a teku wadda mutanen Faransa, da Beljiyam, da Sifen, da Sin su ke kiwonta a jikin igiyoyi cikin ruwa, suna cinta kamar yadda mu ke cin kifi.

Ƙumba ba ta farauta. Tana zaune wuri ɗaya, tana zuƙar ruwa, tana tace abincinta daga ciki, ta fitar da ruwan. Babba guda ta kan iya tace ruwan da zai cika jarka a yini ɗaya. Sabo da haka duk abin da ke yawo cikin ruwa sai ya bi ta cikinta. Kuma mai cinta ba ya fid da hanjinta, dukanta ya ke haɗiyewa. Wannan ya sa masana su ka mai da ita ma'auni: in kana so ka san abin da ke cikin ruwa, ka duba cikin ƙumba.

A shekarar 2008 a ka gwada a Plymouth, a ka ba ƙumba ɓurɓushin roba cikin ruwa. Cikin kwana 3 mafi ƙanƙanta sun ƙetare daga hanjinta sun shiga jininta, bayan kwana 48 kuwa suna nan ba su fita duka ba. A shekarar 2014 masana biyu na jami'ar Ghent ta Beljiyam su ka duba ƙumbar da a ke kiwo don sayarwa. Su ka sami wajen ɓurɓushi 36 a kowane giram 100 na namanta, su ka lissafta cewa Baturen da ya fi kowa cin irin wannan abinci zai iya haɗiye har guda 11,000 a shekara. Labarin ya tayar wa mutane da yawa hankali.

Sai a shekarar 2018 wasu masana na jami'ar Heriot-Watt ta Sikotilan su ka yi wata dabara. Su ka auna abin da ke cikin ƙumba, sa'an nan su ka ajiye faranti kusa da kwanon abinci a gidaje lokacin da a ke ci, domin su ga abin da ke faɗowa daga iska. Su ka tarar mutumin Birtaniya yana samun kamar guda 123 a shekara daga ƙumba, amma daga ƙurar ɗaki da ke sauka a kan abincinsa yana samun tsakanin 13,000 da 68,000 da 'yan kai. Ashe abin da a ke tsoro daga teku kaɗan ne in an gwada da abin da ke cikin gida. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

3. Mu da ba mu taɓa ganin teku ba fa?

Wani zai ce, "Tsakanin Dandume da teku ya fi kilomita 500. Ina ruwanmu?" Akwai amsa biyu.

Ta fari, mu ne a bakin tushe. Kogin Sakkwato daga ƙasar Funtuwa ya taso. Ya bi ta Gusau, ya cika dam ɗin Bakolori, ya haɗu da Rima kusa da Sakkwato, ya wuce Argungu garin bikin kamun kifi, da Birnin Kebbi, ya faɗa Kwara. Kwara kuwa ta bi ta Kainji da Jebba da Lakwaja har teku. Ledar da ruwan farko ya kwashe daga kwatar kasuwa ba ta ɓace ba. Wata ta maƙale a fadama inda mu ke noman rani, wata ta nutse a dam, wata ta ci gaba da tafiya tana farfashewa. Masuntan da ke can ƙasa maƙwabtanmu ne, ko da ba mu san fuskarsu ba. Kuma busasshen jatan lande da mata ke dakawa a miya daga bakin tekun nan na kudu a ke kawo shi, daga wurare irin su Oron a jihar Akwa Ibom. Shi ma dukansa a ke ci, kamar ƙumba.

Ta biyu, abin da ya sami ƙumba yana samun kowace halitta da ke cin abinci daga ruwa ko ƙasa mai roba. Muna da tarwaɗa da karfasa a dam ɗin Mairuwa da na Gwaigwaye kusa da Funtuwa, da kududdufai, da tafkunan da wasu 'yan ƙungiya su ka gina. Muna da kaji masu tonon juji, da awaki masu kiwon bola. Su ne ƙumbarmu.

4. Hanyoyin da ta ke bi ta dawo

Ta gona. Da tsadar takin zamani, manoma da yawa sun koma sayen takin juji daga cikin gari. Taki ne mai kyau, amma na yau ba irin na da ba ne. Ku duba gonar da a ka zuba shi: bayan an baza, leda ce fari da baƙa ko'ina. Manyan su kan naɗe saiwar masara su hana ruwa ratsa ƙasa. Ƙananan kuwa su kan gauraya da ƙasa, ba wanda zai iya tsince su kuma. A shekarar 2020 masana a ƙasar Sin su ka nuna cewa mafi ƙanƙantan ɓurɓushi su kan shiga alkama da latas ta 'yan tsagun da ke wurin da sabuwar saiwa ta ke fitowa. Har wa yau, in mun shanya masara ko waken suya a kan tsohon buhun da ya fara zuba, ko mu ka yi sussuka a kansa, garinsa yana bin hatsin zuwa injin niƙa.

Ta kaji da dabbobi. A shekarar 2017 a ka yi bincike a gidajen ƙauye a Campeche ta ƙasar Meziko, inda mutane ke zubar da shara su ƙone ta a bayan gida kamar yadda mu ke yi. A ka sami ɓurɓushin roba cikin ƙasa, da cikin kashin tana, da cikin kashin kaji, da cikin ƙundunsu. Game da awaki da tumaki da shanu kuwa, ba sai mun je Meziko ba. A tambayi kowane mahauci a Dandume ko Funtuwa ko Malumfashi abin da ya kan ciro daga tumbi. Akuya ta kan ci leda sabo da gishiri da mai da ke jikinta. Ledar ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa, cikinta a kumbure, mai ita yana ta sayen maganin tsutsa a banza. Wannan asara ce ta kuɗi wadda ido ya ke gani tun yau.

Ta kifi. Kifi ya kan haɗiyi ɓurɓushi tare da abincinsa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a shekarar 2017 cewa yawancinsa cikin hanji ya ke tsayawa, don haka fid da kayan ciki yana rage abin da ke kaiwa bakin mutum ƙwarai. Inda a ke ci da yawa shi ne wajen ƙumba, da jatan lande, da ƙananan kifi da a ke soyawa ko busarwa a ci su duka.

Ta gida. Nan ne inda ya fi kusa. Ku tuna da farantin Sikotilan. Tufafin nailan, da tabarmar roba, da labule, duk suna zubar da siraran zare da ke tashi cikin ƙura su sauka a abincin da ba a rufe ba. Sai kuma zafi. Roba in ta ji zafi ta fi sakin ɓurɓushi da sinadaran da a ka haɗa ta da su. A shekarar 2020 masana a Dublin ta ƙasar Ailan su ka gwada kwalaben roba na shayar da jarirai, su ka tarar ruwan zafi yana sa su saki ɓurɓushi miliyoyi a lita guda. To, mu duba abin da mu ke yi: tuwo da zafinsa a ƙulle a leda, koko a leda, alala a dafa ta cikin leda, ruwan leda a jibge a rana tun safe.

5. Shin yana cutarwa?

A nan dole mu faɗi gaskiya, kada mu rage, kada mu ƙara. Yawancin abin da mutum ya haɗiye ya kan fita tare da bayan gida. Amma mafi ƙanƙanta su kan ƙetare su shiga jiki. A shekarar 2022 a Amsterdam ta ƙasar Holan a ka duba jinin mutum 22 masu lafiya, a ka sami roba a jinin 17. A shekarar 2024 likitoci a Italiya su ka ba da labarin marasa lafiya 257 da a ka yi wa aiki a ka kankare kitsen da ya toshe jijiyar wuyansu. Mutum 150 a ka sami roba cikin kitsen. A ka bi su kusan shekara uku. Waɗanda a ka sami robar a jikinsu sun fi sauran gamuwa da ciwon zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko mutuwa, wajen ninki huɗu da rabi. Likitocin da kansu sun ce abin da su ka gani shi ne abubuwan biyu suna tafiya tare, ba su yanke cewa robar ce sanadi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a bayaninta na 2019 a kan ruwan sha, ta ce ƙwayoyin cuta cikin ruwa sun fi ɓurɓushin roba haɗari nesa ba kusa ba, amma ta roƙi a rage zubar da roba, a kuma ci gaba da bincike.

Daga nan mu ɗauki abu biyu. Kada kowa ya bar cin kifi sabo da wannan darasi. Kifi yana gina jikin yara, yana ƙara wa mai ciki da mai shayarwa ƙarfi, kuma cutar rashin abinci mai gina jiki a fili ta ke. Kada kuma kowa ya bar ruwa mai tsabta ya koma shan na kududdufi don gudun leda. Amma tun da ya ke abin da ya shiga ƙasa ba ya fita, hikima ita ce mu tare shi tun bai shiga ba. Rigakafi ya fi magani.

Akwai kuwa haɗari ɗaya da ba a gardama a kansa, watau hayaƙin roba. A shekarar 2019 a wani ƙauye mai suna Tropodo a ƙasar Indunusiya, inda masu yin awara su ke hura wuta da sharar roba, a ka gwada ƙwan kajin da ke yawo a wurin, a ka same su da guba mai yawa ƙwarai, irin wadda ke taruwa a jiki ta daɗe. 'Yan'uwa mata masu awara da ƙosai, da masu kunna itace da leda in damina ta jiƙa shi, a kula. Mai hura wutar, da yaron da ke goye a bayanta, su ne na fari wajen shaƙa.

6. Abin da za mu iya yi

A gona:
(a) A tsince leda daga takin juji tun yana tsibi, kafin a baza. A tankaɗe shi da ragar waya in da hali. Wahalar yini ɗaya ce, amma in garma ta riga ta bi ta kai, an makara.
(b) A ƙara yin takin rami na gida da kara, da toka, da kashin dabbobi. A raba sharar gida biyu tun daga tsakar gida: mai ruɓewa dabam, leda dabam.
(c) A ajiye buhuna da tamfol a inuwa, gama rana ce ke kashe su. Buhun da ya fara zuba gari kada a shanya hatsi a kansa.
(d) In an dasa itace ko tumatir, a tattara ledar renon a fita da ita daga gona.
(e) Robar maganin feshi a ɗauraye ta sau uku, a zuba ruwan cikin tankin feshi, a huda ta. Kada a zuba mata ruwan sha, ko mai, ko nono.

A gida:
(a) Abinci mai zafi a zuba shi a kwano, ko langa, ko akushi. Alala a dafa ta a ƙananan kwanoni ko gwangwani mai tsabta kamar yadda iyayenmu su ka saba.
(b) A rufe abinci da faifai ko murfi, a rufe randa.
(c) Madarar jariri da kununsa a dama su a kofin ƙarfe ko tangaran.
(d) A fid da hanji da maƙogwaron kifi a wanke shi sosai. Busasshen kifi da jatan lande a ɗauraye su kafin a sa a miya. Ƙundun kaza a tsaga shi, a wanke, a ɓare fatar ciki.
(e) Kada a hura wuta da leda, kada a yi banda ko babbaka da roba ko taya.

A ƙungiya:
(a) Kowa ya riƙe jaka ko kwando zuwa kasuwa.
(b) A bikin aure, da bikin godiyar kaka, da Kirsimeti, ƙungiya ta tanadi kwanoni da kofuna na haɗin gwiwa waɗanda za a riƙa ara wa 'yan'uwa, maimakon rabon abinci a leda.
(c) A tara robobi masu tauri, da takalma, da jarkoki a sayar wa 'yan jari bola, kuɗin ya shiga asusu. Abin da ba mai saye a haƙa masa rami ɗaya nesa da rijiya, da rafi, da gona, a kewaye shi don dabbobi, a riƙa rufewa da ƙasa.
(d) Kafin ruwan farko a yi gayya a kwashe ledar da ke kwata da bakin rafi. A je wurin mai unguwa, a gayyaci dukan maƙwabta, gama iska ba ta tambayar gonar wa za ta kai leda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wasu ƙasashe sun yi doka. Ruwanda ta hana ledar kasuwa a 2008, Kenya a 2017, jihar Legas kuma ta hana farar robar zuba abinci mai kama da kumfa a 2024. Doka tana taimako, amma gonarka ba wanda zai tsince maka ita.

Gwaji a wurin taro

A zuba mudun takin jujin nan cikin bokitin ruwa, a dama da sanda, a bar shi ya kwanta kamar minti 10. Yawancin leda da zaren buhu ba su da nauyi, za su taso sama. A tsiyaye ruwan saman ta cikin farin ƙyalle, a shimfiɗa a rana, a ware ciyawa, a ƙidaya guntayen roba. Sa'an nan kowa ya tuna mudu nawa ke cikin amalanke guda, da amalanke nawa ya zuba bara.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa ƙumba ta ke tara ɓurɓushin roba fiye da sauran halittu? Waɗanne abinci namu ne su ka yi kama da ita?
2. Wa ya taɓa rasa dabba a ka sami leda a cikinta? Nawa ya yi asara?
3. Ina ruwan kwatar unguwarmu ya ke zuwa? Su wa ke sha, ko kamun kifi, ko noman rani da shi?
4. Waɗanne abinci ne mu ke zubawa a leda da zafinsu? Da me a ke zuba su da?
5. Cikin shawarwarin nan, wace ce ta fi wuya ga mace mai sana'ar abinci? Yaya ƙungiya za ta taimake ta don kada cinikinta ya faɗi?

Aikin wannan wata

Kowane gida ya rataya buhu ɗaya a tsakar gida, ya tara dukan ledar da ta shigo har mako biyu. A kawo buhunan taro mai zuwa, a auna a kan sikelin ƙungiya, magatakarda ya rubuta. Bayan wata uku a sāke aunawa, a aiko mana da sakamakon domin sauran ƙungiyoyi su gani su ƙaru.